Idan Baba ya manta da ni, shi wane ne yanzu?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tsoma baki ba, amma yau akwai abin da ya tsaya min a rai. Mahaifinmu tela ne, ya fi shekara hamsin a kan keke. Yanzu ya haura tamanin, kuma shekara uku ke nan da gigin tsufa ya kama shi. Tun azumin bara ya daina gane ni. Idan na shiga masa da koko sai ya ɗago ya ce, "Yaya, kin zo?" Yayarsa yake nufi, wadda ta rasu tun ban shiga firamare ba. Sunana ya fita daga kansa, haka na duk yayyena.

Ina karatun digiri na ƙarshen mako, a darasin falsafar ilimi muka zo kan Jon Lok, Baturen Ingila, inda yake cewa mutum yana zama shi ɗin ne iyakar inda tunawarsa ta kai. Na karanta wannan a daren da na gama yanke wa Baba farce. Har asuba ban runtsa ba. In maganar nan gaskiya ce, to wanda ke kwance a ɗakin wane ne? Ba fatawa nake nema ba, na san haƙƙinsa a kaina. So nake in gane me masu falsafar nan suke nufi idan suka ce "ni", kuma ko akwai wanda ya mayar wa Lok da martani a cikinsu.

Malamin Falsafa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tambayarki a kanta falsafar Turai ta tsaya tun ƙarni na 17, don haka ki yi haƙuri in ɗan koma baya kafin Lok.

A da, idan malamin Turai zai yi bayanin ɗan Adam, daga Ubangiji yake farawa da tsarin halitta, sannan ya nemi gurbin mutum a ciki. Rene Dekart, Bafaranshen da aka haifa a 1596, shi ya juya abin. Ya rayu a lokacin da Katolika da Furotesta ke kashe juna a yaƙin da aka yi daga 1618 zuwa 1648, ga kuma binciken su Galileyo yana rusa abin da aka daɗe ana koyarwa game da rana da ƙasa. Kowa yana cewa shi ke da gaskiya. Sai Dekart ya ce bari ya zubar da duk abin da za a iya kokwanto a kansa, ya ga ko wani abu zai rage. Ido yakan yaudari mai shi. Mai mafarki yana ɗauka a farke yake. Har lissafi bai bari ba, ya ce a ɗauka akwai wani mugun shaiɗani da ke ruɗa shi duk lokacin da ya haɗa biyu da uku. Abu ɗaya ne ya ƙi zubuwa: ko da ruɗa shi ake yi, ai sai akwai shi za a ruɗe shi. Daga irin wannan kokwanto ne maganarsa ta 1637 ta fito, cewa ina tunani, saboda haka akwai ni.

Ki lura da abin da ya rage masa a hannu. Wannan "ni" ɗin ba shi da jiki, ba shi da uwa da uba, ba shi da gari ko sana'a. Dekart ya kira shi abu mai tunani, shi ke nan.

Lok ya gaji wannan, amma shi likita ne kuma mai tunanin shari'a. A 1694 ya ƙara wani babi a littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, a nan ya raba abu biyu. Akwai jikin nan mai rai da aka haifa ya girma ya tsufa, wannan ɗaya ne daga haihuwa har mutuwa. Akwai kuma wanda za a tsayar a tambaye shi abin da ya aikata, wannan kuwa da sanin kai da tunawa yake tafiya. Ya ba da misali: a ce an wayi gari hankalin ɗan sarki da duk abin da yake tunawa ya koma jikin mai gyaran takalma. Maƙwabta za su ga mai gyaran takalmansu, amma laifin da ɗan sarki ya yi jiya wa za a tambaya? Lok ya ce wanda ke tuna shi. Ya faɗa da bakinsa cewa kalmar ta kotu ce, ta lada da hukunci. Da za a kawo masa maganar Baba, ba zai ce wani ne daban ya haife ki ba. Abin da zai ce shi ne ba za a riƙe shi da abin da ba ya iya tunawa ba.

Alaramma Na Zaure:
Allah ya ƙara wa Malam ilimi. In haka Lok yake nufi, to ai bai zo mana da baƙon abu ba. Hadisi ya inganta cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. An ɗauke alƙalami, amma ba a ce an ɗauke mutumin ba. Gadonsa yana nan, aurensa yana nan, in ya rasu a yi masa wanka da salla kamar kowa. Kuma halin da mahaifinki ke ciki Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Nahli aya ta 70, cewa daga cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan a da ya sani. "Daga cikinku" aka ce, 'yata. Ba a fitar da shi daga cikinmu ba.

Ina kuma so in tuna wa Malam cewa ba Dekart ne ya fara shiga wannan ɗaki ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, shekara 600 cif kafin maganar Dekart, ya ce a ɗauka an halicci mutum yanzu-yanzu da cikakken hankali, yana rataye a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. Zai san yana da hannu ko ƙafa? A'a. Amma zai san akwai shi. Imamu Gazali kuma ya ba da labarin yadda kokwanto ya riƙe shi kusan wata biyu, ya daina yarda da ido da hankali, har Allah ya jefa masa haske a ƙirji. Bambancin shi ne su ba su mayar da "ni" tushen komai ba. Game da ruhi kuwa, an gaya mana a Suratul Isra'i cewa al'amarin Ubangiji ne, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan.

'Yar Auta:
Na gode Malam, na gode Alaramma. Maganar alƙalami ta sanyaya min rai. Amma har yanzu da saura. Ni ba hisabinsa ne ya dame ni ba. Wanda ya goya ni a keke ya kai ni makaranta, shi nake tambaya ko yana nan.

Ɗan Damagaram:
Sannu da jinya ƙanwata. Mu a Nijar duk wanda ya kai ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, sai ya yi falsafa kafin jarrabawar bak ta kammala ta, kuma Dekart ne ake fara ɗora mana, da Faransancinsa. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne tun yana raye wata mace ta tsare shi da tambayar da ya kasa amsawa. Gimbiya Elizabet ta Bohemiya, tana da shekara 24, ta rubuta masa wasiƙa a 1643 ta ce: in hankali ba jiki ba ne, ba shi da tsawo ba shi da faɗi, ta yaya yake ɗaga hannu? Ai sai abu ya taɓa abu yake motsa shi. Ya yi ta kewaye-kewaye. A wani littafin ya nuna wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ce a nan suke haɗuwa, wanda bai warware komai ba. Ta kuma tambaye shi yadda rashin lafiyar jiki ke iya ƙwace wa mutum tunaninsa in da gaske tunani ba ya buƙatar jiki. Kin ga tambayarki ce, shekara kusan 400 da suka wuce.

Game da Lok kuma, Tomas Rid na Sikotlan ya ba shi amsa a 1785. Ya ce ga yaro da aka zane saboda ya saci 'ya'yan itace a lambu. Ya girma ya zama soja, ya ƙwace tutar abokan gaba, kuma a ranar yana tuna dukan da aka yi masa. Ya tsufa ya zama janar, yana tuna ƙwace tutar amma ya manta dukan. A lissafin Lok, janar shi ne sojan, sojan shi ne yaron, amma janar ba shi ne yaron ba. Wannan ba ya yiwuwa. Tunawa shaida ce cewa kai ne, ba ita ce take yin ka ba.

Matashin Sabon Gari:
Da izinin manya. Ni ina ganin duk kuna neman abin da babu shi ne tun farko. Dabid Hiyum bai kai shekara talatin ba a 1739 lokacin da ya ce ya leƙa cikin kansa yana neman wannan "ni" ɗin, duk leƙawar da zai yi sai ya ci karo da zafi ko sanyi, so ko ƙi, haske ko duhu, bai taɓa kama wani mai su yana zaune shi kaɗai ba. Ya ce mutum dami ne kawai na ji da gani da ke wucewa. Ku gwada da kanku yanzu, ku rufe ido ku nema.

Nitshe, masanin falsafa Bajamushe, a 1886 ya ƙara da cewa nahawu ne ya yaudari Dekart. An saba duk aikatau sai da aikau, shi ya sa da ya ga tunani sai ya ce dole akwai mai yin sa. Alhali tunani yana zuwa ne lokacin da ya ga dama. Kuma Hausa ta fi goyon bayan Nitshe. Mukan ce "wani tunani ya zo min", "abin ya faɗo min a rai", "zuciyata ta raya min", "barci ya ɗauke ni", "fushi ya kama shi". A duk waɗannan, mu ne karɓau. Sannan Mishel Fuko a 1966 ya ce wannan ɗan Adam da ake ta nazari a kansa ƙirƙira ce ta kwanan nan, kuma zai iya shafewa kamar fuskar da aka zana a rairayin bakin teku. Don haka Anti, abin da ya faru da Baba shi ne damin ya kwance. Namu ma ba a ɗaure yake da kyau ba, ba mu lura ba ne kawai.

Hajiya Mai Atamfa:
Haba ɗana. Yarinya na jinyar mahaifinta ka ce mata dami ne ya kwance? Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na yi jinyar surukata shekara biyar a irin wannan hali. Ta manta sunan ɗanta, amma ko ranar da za ta rasu, in baƙo ya shigo sai ta ce a kawo masa ruwa. Bature ya ce zanen rairayi, mu kuwa iyayenmu cewa suka yi hali zanen dutse.

Matashin Sabon Gari:
Ki gafarce ni Hajiya, Anti ma ki yi haƙuri in maganata ta yi kaushi. Wallahi ba raini ba ne. Kakana ma haka ya ƙare, ina ajin ƙarshe a sakandare, kuma wannan tunanin ne ya rage min zafin abin a lokacin. Na ce wa kaina ba a ƙwace masa wani abu da mu muke da shi a ajiye ba.

Malamin Falsafa:
Allah ya jiƙan kakanka. Ka kawo Hiyum daidai, amma ka tsaya a rabin labarin. Shekara ɗaya bayan nan, a 1740, ya rubuta ƙarin bayani a ƙarshen littafin ya amsa cewa da ya sake duba maganarsa kan wannan batu sai ya tsinci kansa a ruɗani, bai san yadda zai gyara ta ba. Abin da ya gagare shi kowane manomi ya san shi: zangarniya dubu a warwatse a gona ba dami ba ce. Sai an sa igiya. To mece ce igiyar? Kuma da ya ce "na leƙa ban samu ba", wa ya leƙa?

A nan Imanuwel Kant ya shigo, a littafinsa na 1781 da ya sake fitarwa da gyara a 1787. Ya yarda da Hiyum cewa ba za ka taɓa ganin "ni" kamar yadda kake ganin kujera ba. Amma ya ce ba abin gani ba ne, shi ne sharaɗin ganin. In kana sauraron kiran salla, dole wanda ya ji farkonsa ya zama shi ne ya ji ƙarshensa, in ba haka ba babu kiran salla, sai sautuka a rarrabe. Misalan da ka kawo na Hausa ma ka sake dubawa: "ya zo min", "ya ɗauke ni". Ko da tunani ne ya zo da ƙafarsa, wurin wani ya zo. "Min" ɗin nan ba ta fita.

Kant bai tsaya nan ba. A 1785 ya ce duk abin da ke duniya ko dai yana da farashi ko yana da daraja. Mai farashi ana musanya shi da irinsa, ɗan Adam kuwa ba shi da madadi. Matsalar ita ce ya rataya darajar a kan hankali, sai ga shi shi kansa hankalin ya guje masa a ƙarshe. Kafin rasuwarsa a 1804 mantuwa ta kama shi, ya koma rubuta wa kansa 'yan takardu, har ya daina gane na kusa da shi. Almajirinsa da ya yi jinyarsa ya ba da labarin cewa kwanaki kaɗan kafin ya cika, likita ya shigo, sai tsohon ya yunƙura ya miƙe da ƙyar, ya ƙi zama sai da likitan ya zauna, sannan ya ce jin mutuntaka bai bar shi ba tukuna. Duk lokacin da na koyar da Kant sai na ba ɗalibai wannan labari, don ina ganin abin da ya yi a ranar ya fi ƙarfin abin da ya rubuta. Surukar Hajiya ce da ruwan baƙonta.

Anti Nas:
Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, bari in sa baki daga abin da na sani. Tunawa ba abu ɗaya ba ce kamar yadda Lok ya ɗauka. A 1953 an yi wa wani matashi Ba'amurke mai suna Henri Molaison aiki saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa ta ɓangarori biyu. Daga ranar bai ƙara riƙe sabon abu ba, in ka fita ka dawo sai ka sake gabatar da kanka. Amma da mai bincike Birenda Milna ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, sai ya riƙa ƙwarewa kullum, alhali kowace safiya cewa yake bai taɓa yi ba. Hannu ya koya, shi bai sani ba. Tun daga nan aka gane cewa ma'ajiyar sunaye da labarai daban, ta abin da jiki ya saba daban, kuma ta biyun takan daɗe ba ta lalace ba.

Shi ya sa za ki ga tsohon da bai san wace shekara ake ciki ba yana alwala ba kuskure, yana kawo Fatiha da ƙananan surori. Mace ta farko da likita Alzaima ya yi nazari a kanta a Jamus, a 1901, da aka ce ta rubuta sunanta ta kasa, sai ta ce kamar ta ɓatar da kanta ne. Kullum ina tunanin wannan magana. Wadda ta san ta yi ɓatan ai tana nan.

Shawara kuma: in ya kira ki Yaya, kada ki yi ta gyara masa. Gyaran yana tayar masa da hankali, kuma ba zai zauna ba. Ya ga fuskar da zuciyarsa ta amince da ita ne, sai ya ɗauko sunan da ya rage masa na mace mai kula da shi. Ƙanwata, yana taɓa kayan ɗinki har yanzu?

'Yar Auta:
Anti, mun ɓoye keken da almakashi don tsoron kada ya ji ciwo. Amma kullum za ki gan shi yana kama bakin zanin gado yana ninkewa yana dannawa da babban yatsa, kamar mai shirin kalmasa.

Ɗan Damagaram:
Wannan ninkewar ita ce abin da Moris Marlo-Fonti ya rubuta a kai a 1945. Ya ce tun daga Dekart an ɗauki jiki daban, hankali daban, alhali kafin mutum ya ce "ina tunani" ya riga ya ce "ina iyawa". Ya kawo misalin makaho da sandarsa: makaho ba ya jin sanda a tafin hannunsa, ƙasa yake ji a bakin sandar, ta zama jikinsa. Shekara hamsin na ɗinki ba a kan Baba kaɗai suke ba, suna cikin yatsunsa. Mu da muke cewa "ni da kaina" mun ajiye mutum a kai, amma kuma muna cewa "hannunsa ya faɗa".

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa ga jama'a daga Gana. Ina bin muhawarar tun safe. Akwai tambayar da ba a yi ba: wannan "ni" na masu falsafar Turai, wa da wa ya ƙunsa? Hiyum ɗin da ake yabo ya rubuta a 1753 cewa yana zaton baƙar fata a halicce suna ƙasa da farare. Kant ma ya rubuta irin wannan. Alhali shekara 19 kafin maganar Hiyum, a 1734, wani ɗan ƙasarmu daga Aksim, Anton Amo, wanda aka kai Turai yana yaro, ya kare kundin digirinsa na falsafa a jami'ar Witenbag ta Jamus, kuma a ciki Dekart ya yi wa gyara kan alaƙar hankali da jiki. Ya koyar a Halle da Yena kafin ya dawo gida. Suna rubuta "ɗan Adam" a takarda, jiragen bayi suna tashi daga gaɓar tekunmu.

Shi ya sa masu falsafar Afirka suka ce a fara daga wani wuri. Jon Mbiti na Kenya a 1969 ya juya maganar Dekart ya ce akwai ni ne saboda akwai mu. Ifeanyi Menkiti na Nijeriya a 1984 ya tafi nesa, ya ce mutuntaka ba a haifar mutum da ita, samun ta ake yi a cikin jama'a, kuma ana iya kasa samu. Hausa ma tana da wannan. Mukan ce "wane ya zama mutum", mukan ce "wane ba mutum ba ne" ga marar kirki. Don haka 'yar'uwa, ko Baba ya manta, unguwa ba ta manta ba. Rigunan sallar da ya ɗinka, yaran da ya yaye a shagonsa, ku 'ya'yansa, duk shi ne. Jama'a ce ke riƙe masa sunansa.

Anti Nas:
Ɗan'uwa, rabin maganarka na karɓa, rabi kuwa ina jin tsoronta. In jama'a ce ke ba da mutuntaka, to jama'a na iya ƙwacewa. Na ga tsohuwar da gigin tsufa ya sa ta fita da dare tana surutai, unguwa ta taru ta ce mayya ce, yara suna jifa. An kawo mana ita da rauni a goshi. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, babu mai tuna rigar da ta ɗinka wa kowa. Ita wa zai riƙe mata suna? Baban 'Yar Auta ya yi dace da 'ya'ya. Ba zan yarda darajar mutum ta rataya a kan dace ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaskiyarki Anti. Kwame Gyekye na jami'ar Gana da ke Legon ma a nan ya saɓa wa Menkiti. Ya ce a tunanin ƙabilar Akan ta Gana kowane mutum yana zuwa duniya da abin da suke kira okra, wanda daga Ubangiji yake, jama'a tana renon sa ne kawai, ba ita ta ba shi ba. Na janye kalmar "riƙe masa suna" in tana nufin in babu su babu shi.

Alaramma Na Zaure:
Madalla. "Lalle mun girmama 'ya'yan Adam", haka ayar ta zo, ba a ce masu hankali ko masu dangi ba. Allah ya saka wa wannan tsohuwa.

Malamin Falsafa:
Amin. Zan ƙara mutum ɗaya in yi shiru. Fol Rikor, Bafaranshe, a 1990 ya ce an daɗe ana cakuɗa tambaya biyu. Ɗaya ita ce "mene ne bai canza ba a jikina?", ɗayar kuma "wane ne ni?" Ta farko hali ke amsa ta, irin na surukar Hajiya. Ta biyu kuwa alkawari ke amsa ta: ko na canza, ko raina ya daina so, abin da na ce zan yi ina nan a kansa, saboda wani ya dogara da ni. Ya kuma ce labarin rayuwar mutum ba shi kaɗai ke ba da shi ba. Haihuwarka wasu ne suka ba ka labarinta, mutuwarka ma wasu ne za su bayar. Farko da ƙarshe duk a bakin wasu suke. Ina ganin Baba ya shiga wurin da labarin ya fara komawa bakinku, amma har yanzu labarinsa ne.

Matashin Sabon Gari:
Malam, na karɓi gyaran igiyar dami, zan koma in karanta ƙarin bayanin Hiyum. Amma wannan na Rikor bai gamsar da ni ba. Alkawarin da ake cikawa a ɗakin Baba, Anti 'Yar Auta ce ke cika shi. Ya nuna mana ko ita wace ce. Bai gaya mana abin da Baba yake ji daga ciki ba, in ya buɗe ido da asuba bai san ɗakin ba. Wannan ita ce tambayar Dekart, kuma ban ga wanda ya amsa ta a nan ba.

Malamin Falsafa:
Ban musa ba. Daga ciki babu mai shiga sai shi.

'Yar Auta:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na bi maganar Anti Nas. Na ɗauko wani ragowar yadin shadda da tef ɗinsa na awo na ajiye masa a cinya, ban ce komai ba. Ya daɗe yana shafa yadin. Sai ya rataya tef ɗin a wuya yadda ya saba, ya kama hannuna ya miƙar, ya auna daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya riƙe wurin da farce. Ya ce, "Yaya, kin rame. Ba kya cin abinci ne?" Na ce ina ci. Ya ce in dawo ranar Alhamis in karɓa.

Ƙanena Matashi, ban san abin da yake ji daga ciki ba, kuma na yarda ba zan sani ba. Amma ramar gaskiya ce, na rame a wata shidan nan, kuma duk gidan babu wanda ya lura sai shi.

Anti, akwai irin allurar roba mai kauri da ake ba yara a makaranta. In na sa masa zare a ciki, babu matsala?

Anti Nas:
Babu matsala, in dai kina kusa. Ki ba shi yadi mai sakwa-sakwa wanda allurar za ta shige ba wahala, kuma da safe ya fi, kafin gajiyar yamma ta sauko masa. Almakashin dai a bar shi a ɓoye.